Kafin Ka Fara Neman Mabiya a X

Yawancin matasan da ke buɗe shafin kasuwanci a Twitter, wanda yanzu ake kira X, da tambaya ɗaya suke farawa: yaya za a yi in tara mabiya? Tambayar ba ta da laifi, sai dai ta yi gaggawar zuwa. Akwai wadda ta riga ta, kuma ita ce za ta nuna ko datar da za ka ƙona za ta dawo maka da riba. Wanda zai sayi kayanka, yana wurin kuwa?

A ƙasar Hausa, X ba nan ne jama'a suka fi taruwa ba. Gwaggo da kawu suna WhatsApp, 'yan unguwa suna Facebook, yara sun tattara sun koma TikTok. Waɗanda suka yi zaman dirshan a X ba su kai waɗancan yawa ba, amma ka duba ka ga ko su wane ne: 'yan jarida, ma'aikatan banki da na gwamnati, likitoci, lauyoyi, ɗaliban jami'a, 'yan siyasa da magoya bayansu, 'yan'uwanmu mazauna Legas da Abuja da Fatakwal, da waɗanda ke Ingila ko Saudiyya suna kewar gida. Da yawansu masu albashi ne, sun saba tura kuɗi ta waya su zauna jiran kaya. Ƙanwata, idan awara kike soyawa ko kunun aya kike ƙullawa don 'yan layinku, kada ki wahalar da kanki. Sitatus ɗin WhatsApp ya ishe ki, kuma babu abin kunya a ciki. Amma idan kilishi ne da zai kwana biyu a mota bai lalace ba, ko turaren wuta, ko hular zanna, ko takalmin fata, ko kuma aikin da ake turawa ta intanet kamar zane da fassara da haɗa manhaja, to masu saye suna nan, kuma wasunsu ba za ka same su a wani wuri cikin sauƙi ba.

In ka tabbatar suna nan, sai ka fahimci halin wurin. An kafa Twitter a San Francisco ta Amurka a 2006, kuma tun farko an gina shi ne a kan gajeren saƙon waya. Saƙon tes ba ya wuce haruffa 160, sai aka ware 20 don sunan mai rubutu, aka bar masa 140 ya faɗi abin da ke bakinsa. A 2017 aka ninka zuwa 280. Yau masu biyan kuɗin wata suna iya zuba dogon rubutu, amma ɗabi'ar masu karatu tana nan yadda take: ido na gudu, yatsa na jan allo, layin farko ne ke sa a tsaya ko a wuce. Kuma ba sayayya ce ta kawo su ba. Labari suka zo ji, da hira, da musu, da dariya.

Ka ɗauki wurin kamar majalisar ƙofar gida bayan la'asar. Wanda kullum in ya zo ba ya gaisuwa, ba ya sa baki a zance, sai dai ya buɗe jaka ya ce akwai shadda akwai yadi, kwana kaɗan za a daina matsa masa a tabarma. Amma akwai wanda aka sani da sanin yadi. In ana gardama kan wace shadda ce ke jure wanki, shi ake juyawa a tambaya, ya ba da amsa ba tare da ya ce a saya a wurinsa ba. Ranar da bikin wani ya taso, ba sai ya yi talla ba, 'yan majalisar ne da kansu za su ce, je ka wurin wane. Duk abin da zan faɗa a nan gaba, hanyar zama wannan mutum na biyu ce.

Abin da za ka kawo wurin shi ne saninka, kuma kana da shi fiye da yadda kake zato. Yaron shago a Kantin Kwari ya san bambancin Getzner ta asali, wadda ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, da kwaikwayonta, ya san yadi nawa ke isar babbar riga da 'yar ciki da wando, ya san wane launi ne ke kodewa da wuri. A wurinsa wannan ba komai ba ne, don kullum a ciki yake. A wurin ma'aikacin banki a Legas da ke shirin angwancewa kuwa, ilimi ne da zai hana a cuce shi. Mai gyaran waya a Farm Centre ya san alamomin wayar da aka taɓa buɗewa aka sauya mata allo. Mai haɗa sola ya san lissafin batirin da zai ɗauki firji da fanka biyu da talabijin har gari ya waye. A ce matashi mai harkar hatsi a Dawanau ya ɗauri aniyar rubuta farashin buhun masara da wake da gero da riɗi kowace Litinin, da kwanan wata, ba fashi. Wata shida ba za su cika ba sai ya ga masu gidajen abinci da masu kiwon kaji da 'yan jarida suna jiran rubutunsa. A cikinsu akwai wanda wata rana zai ce, tunda kana kasuwar, ka saya mini buhu hamsin ka ɗora a mota.

Na san abin da ke hana wasu. Suna tsoron kada su tona sirrin sana'a, wani ya kwaikwaya ya ƙwace musu kasuwa. Tsoron nan ba shi da tushe mai ƙarfi. Wanda ya karanta bayaninka kan yadda ake feɗe nama sirara, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa kafin a gasa, ba zai tashi gobe ya buɗe rumfar kilishi ba. Abin da zai faru shi ne zai gane dalilin da ya sa naka ya fi na bakin titi tsada, kuma zai yarda cewa hannun da ya rubuta wannan bayani ya san aikin. Abokin sana'arka kuwa ya riga ya san duk abin da ka rubuta.

Ka tsaya a kan abu guda har a san ka da shi. Shafin da yau yake sayar da takalmi, gobe fili, jibi data, gata maganin basir, ba ya zama a ƙwaƙwalwar kowa.

To amma wa zai karanta, tunda ba ka da mabiya? A nan ne mutane da yawa ke karaya. Su yi mako uku suna rubutu ba wanda ya tanka, sai su ce wurin na masu suna ne. Ƙofar shiga ga sabon zuwa ita ce amsa rubutun wasu. A 2023 kamfanin ya fitar da wani ɓangare na lissafin da yake bi wajen zaɓar rubutun da zai nuna wa mutane, kuma alƙaluman da aka gani sun koyar da darasi. Danna alamar so rabin maki aka ba shi. Amsa rubutu maki 13.5. Amsar da mai rubutun ya dawo ya tanka mata kuwa maki 75. A ɗaya gefen, in wani ya kai ƙarar rubutunka, asarar makin ta fi duk waɗannan girma nesa ba kusa ba. An sha sauya lissafin tun daga lokacin, amma manufar a fili take: zance tsakanin mutane aka fi daraja, ba sanarwa ba. Saboda haka ka nemo shafuka ashirin ko talatin na mutanen da ke magana kan abin da ya shafi sana'arka, ko waɗanda masu sayen kayanka ke bi, ka riƙa sa baki da abin da zai amfanar. Ba "gaskiya ne" ko "Allah ya ƙara basira" kaɗai ba. Ka ƙara wani abu da ba a faɗa ba, ko ka gyara kuskure cikin ladabi. Kuma duk wanda ya tanka maka a shafinka, ka amsa masa, ko mabiyansa goma ne.

Akwai kuma wurin bincike, wanda 'yan kasuwa kaɗan ne ke amfani da shi. Kowace rana mutane na rubuta cewa suna neman tela mai cika alkawari a Kaduna, ko wanda zai kawo musu zuma mai kyau, ko mai ɗaukar hoton biki a Zariya. Ka rubuta irin waɗannan kalmomi a wurin binciken, da Hausa da Turanci, ka ga masu nema da bakinsu. Wanda ya ce yana so ya fi dubu da ba su ce komai ba.

Wani abu guda ne nake roƙonku da ku bari, don yana ɓata mini rai duk lokacin da na gani. Mutum ya sanar da rasuwar mahaifiyarsa, ko an sa labarin harin da aka kai wani ƙauye, jama'a na ta'aziyya, sai ka ga a ƙasa wani ya liƙa hoton atamfa da lambar waya, saboda ya ga rubutun ya yi tashe. Wannan rashin tarbiyya ne ko da zai kawo ciniki, balle ma ba ya kawowa. Abin da yake jawowa shi ne a toshe ka, a kai ƙararka, kuma sunan kasuwancinka ya zauna a zukatan mutane tare da ɓacin rai.

Gyaran shafin kansa ba ya buƙatar dogon bayani. Suna mai sauƙin rubutawa, hoto na gaskiya, layi biyu da ke faɗin abin da kake sayarwa da garin da kake da ko kana aikawa wasu garuruwa. Ka kafe rubutu ɗaya a sama mai ɗauke da kaya da farashi da yadda ake oda. Hotunan su zama na kayanka, waɗanda ka ɗauka da wayarka da hasken rana, ba waɗanda ka kwaso a shafin wani ba. Harshe kuma ya bi mai saye: in 'yan Kudu kake nema, Turanci mai sauƙi, in 'yan gida ne, Hausa mai tsabta, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu, don manhajojin rubutu na waya suna da su. Rubutun da aka kula da shi yana nuna mai shi zai kula da kaya.

Batun farashi ya cancanci a ɗan tsaya. Al'adar da ta yaɗu ita ce a sa hoto a ce mai son jin kuɗi ya biyo ta akwatin saƙo. Na fahimci dalilin. Mun taso da taye da ragi da albarka, kuma ana gudun abokin hamayya ya gani ya karya farashi. Amma mai saye a X yana kallon abin ta wata fuska. Yana zargin za a duba hotonsa da aikinsa ne kafin a yanka masa kuɗi, kuma yana jin nauyin ya tambaya ya kasa saya. Sai ya wuce kawai, kai kuma ba za ka taɓa sanin ya zo ba. Ki rubuta kuɗin kayanki, ƙanwata. In kina tsoron canjin farashi saboda yadda naira ke hawa da sauka, ki sa kwanan wata a jiki.

Yanzu ga gundarin maganar. A kasuwa mai saye yana taɓa kaya, ya ɗaga, ya shinshina, ya biya, ya tafi da abinsa. A X zai tura kuɗinsa ga mutumin da bai taɓa gani ba, a garin da wataƙila bai taɓa zuwa ba, ya jira kwanaki. Kuma kusan kowa a wurin ko an taɓa damfarar sa, ko ya san wanda aka damfara. Saboda haka abin da kake sayarwa da farko shi ne amana, kaya na biye. Duk wata dabara da ba ta ƙara maka amana a idon baƙo ba, ɓata lokaci ce.

Kada ka ɗauka shuɗiyar alamar nan za ta yi maka wannan aiki. A da, kamfanin ne ke ba da ita bayan ya tabbatar da cewa shafin na sanannen mutum ne ko hukuma. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a watan Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44, sai aka mai da ita ta sayarwa, dala takwas a wata. Cikin kwanaki kaɗan wani ya buɗe shafi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya sayi alamar, ya sanar cewa insulin ya zama kyauta, har sai da kamfanin na gaskiya ya fito ya ƙaryata. Tun daga nan masu wayo suka gane alamar tana nuna an biya kuɗin wata ne kawai. Tana da amfaninta, don tana ɗaga amsoshin mai ita sama, amma ka bari sai ribar kasuwancin ta iya biyan ta, kada ka cire daga jari.

Abubuwan da ke kwantar da hankalin baƙo sun fi wannan sauƙi. Ka yi rajistar sunan kasuwancinka a hukumar CAC, ka buɗe asusun banki da wannan sunan, yadda mai tura kuɗi zai ga sunan da ke asusun ya yi daidai da na shafin. Babu abin da ke tsorata mai saye kamar a ce shafin sunansa kaza, amma a tura kuɗi asusun wani ƙanen maƙwabci. Ka nuna shagonka ko wurin aikinka, ka nuna hannunka yana aikin. In abin ci ne da ake ƙullawa, ko man shafawa, ko magani, ka san cewa hurumin NAFDAC ne, ka bi hanyar samun lambarta, kuma kada ka yi da'awar kayanka na warkar da cutar da likitoci ke fama da ita. In kaya na da aibi, ka faɗa tun kafin a biya. Addininmu ya hana ɓoye aibin kaya, kuma hoton da aka shafe aka ƙawata har ya daina kama da abin da ke cikin leda, algus ne irin na zamani.

Haka sayen mabiya na bogi. Za a zo maka da tayin mabiya dubu goma a kan kuɗi kaɗan. A watan Janairun 2018 jaridar New York Times ta bankaɗo wani kamfani mai suna Devumi da ya sayar wa 'yan wasa da 'yan siyasa da 'yan kasuwa miliyoyin mabiyan ƙarya, kuma a watan Yulin shekarar Twitter ya share miliyoyin shafuka daga lissafin mabiya, manyan mutane suka wayi gari adadinsu ya zube. Ko ba a share ba, shafi mai mabiya dubu hamsin da rubutunsa ba ya samun amsa uku, kowa ya san abin da ake ciki. Shaidar ƙarya ma haka take, inda za a sa abokai su rubuta cewa sun saya sun ji daɗi alhali ba su taɓa saye ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da haramta najashi, wato mutum ya ƙara kuɗin kaya a wurin ciniki ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Ban ga abin da ya raba shi da shaidar bogi ba. Shaidar mutum ɗaya na gaskiya, wanda ya sa hoton kayan a shafinsa da kansa, ta fi ɗari na ƙarya, kuma hanyar samunta ita ce ka roƙa cikin ladabi bayan kaya sun isa.

Ranar gwaji ita ce ranar da aka samu matsala, kuma za a samu. Direba zai yi jinkiri, ɗinki zai matse, turare zai zube a hanya. Wani mai sayen zai kira ka a waya, wani kuwa kai tsaye zai hau shafinsa ya kira sunanka, 'yan kallo su taru a yi maka ca. A wannan lokaci zuciya za ta ce ka rama, ka fito da hotunan hirarku, ka nuna shi ne maƙaryaci. Ka danne ta. Ka amsa sau ɗaya a bainar jama'a, ka ba da haƙuri kan abin da ya faru, ka faɗi abin da za ka yi da ranar da za ka yi shi, ko canji ko mayar da kuɗi, sannan ka cika. Ɗaruruwan da ke karantawa ba shari'ar wa ya fi gaskiya suke bi ba. Kowannensu tambayar kansa yake yi, in ni ne abin ya faru da ni, yaya wannan mutumin zai yi da ni? Kuma kada ka yi saurin kai mai ƙorafi wurin 'yan sanda. An sha amfani da dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama mutane a kan abin da suka rubuta, amma ɗan kasuwar da ya sa aka tsare abokin cinikinsa saboda ya ce kaya ba su yi masa ba, ko ya yi nasara a ofishin 'yan sanda, ya koya wa sauran jama'a su ji tsoron saye a wurinsa.

Kai ma ka kare kanka. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirar sa. Sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar hannunka. In za ka aika ta tasha, ka ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar, ka tura wa mai kaya lambar direba, kuma ku yi magana tun farko kan wanda zai ɗauki asara in kaya suka ɓace. Ke kuma ƙanwata, ki ware layin waya na kasuwanci daban, kada ki ba da adireshin gida, ki sa a karɓi kaya a shago ko wani wuri na jama'a. Wanda ya shigo da sunan ciniki ya ɓige da tambayar ko kina da aure, ba ki da bashin amsa a kansa. Ki toshe shi ki ci gaba da harkarki.

Akwai wata jaraba da ta keɓanta da X, ita ce rigima. Tun tsakiyar 2023 kamfanin ya fara biyan wasu masu shafuka kuɗi gwargwadon yadda rubutunsu ke jan jama'a, kuma ba abin da ke jan jama'a da sauri kamar fushi. Shi ya sa za ka ga mutanen da sana'arsu kenan, kullum su tayar da faɗan Kudu da Arewa, ko na maza da mata, ko na Izala da ɗariƙa, su koma gefe suna ƙirga masu kallo. In ka bi su, mabiyanka za su ƙaru da sauri, amma 'yan kallon faɗa ne, ba masu sayen hula ba. Kuma ka tuna wanda zai sayi kilishinka a Inugu ko Ibadan yana iya bincika sunanka ya ga abin da ka rubuta game da ƙabilarsa shekara uku da suka wuce. Ko ka goge, wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye. Ba ina cewa ɗan kasuwa ya zama kurma ba. A wannan dandali ne aka ɗaga muryar neman 'yan matan Chibok a 2014, a nan matasa suka shirya zanga-zangar EndSARS a 2020, kuma a nan ake yawan fara jin halin da ƙauyukanmu ke ciki. Ka faɗi gaskiyarka a kan abin da ya dame ka. Abin da nake hana ka shi ne zagi da cin mutunci da yi wa al'umma guda kuɗin goro.

Game da biyan masu tarin mabiya su tallata maka, yana aiki wani lokaci, amma ka duba su wa ke amsa musu kafin ka duba yawan mabiyansu. Likita mai mabiya dubu biyar da ake jin maganarsa zai iya kawo wa mai zuma ciniki fiye da mai barkwanci mai dubu ɗari biyar. Rabon kyautar kati ko kuɗi kuwa yana tara masu jiran kyauta ne, ranar da ka daina su watse. Hanyar gane abin da ke aiki ba ta da wuya: duk wanda ya saya, ka tambaye shi a ina ya ji labarinka, ka rubuta a littafi. Ƙarshen wata ka duba. Wataƙila rubutun da mutum dubu ɗari suka gani bai kawo ko sisi ba, wani kuma da mutum ɗari uku suka gani ya kawo oda huɗu. Ka sa kuɗin data da awannin da ka kashe a cikin lissafin, domin awa biyar a kan waya an cire su ne daga lokacin ɗinki ko na shago.

Abu na ƙarshe da nake so ya zauna muku shi ne shafin nan ba mallakinku ba ne, kuma 'yan Najeriya sun ga haka da idonsu. Ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani rubutu na Shugaba Muhammadu Buhari, kuma ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Wata bakwai cur. Wasu suka riƙa zagayawa ta VPN, amma masu saye da yawa ba su bi su ba, kuma wanda duk cinikinsa a can yake ya ji a jikinsa. A lokacin an yi ta kiran mutane su koma Koo, wata manhaja ta ƙasar Indiya, har hukumomin gwamnati suka buɗe shafuka a can. A watan Yulin 2024 Koo ta rufe gaba ɗaya. A watan Satumban 2021 kuma an katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda matsalar tsaro. Ko ba gwamnati, mai kamfani na iya sauya doka da dare: sunan Twitter da tsuntsunsa sun tafi a watan Yulin 2023, kuma Musk da kansa ya faɗa cewa rubutun da ke ɗauke da mahaɗin fita zuwa wani shafi ba ya samun yaɗuwa sosai, don kamfanin yana son mutane su zauna a ciki. Ga kuma masu satar shafi. A watan Yulin 2020 an ƙwace shafukan Barack Obama da Bill Gates da Musk ɗin kansa aka yi damfara da su, balle naka. Ka sa kalmar sirri mai ƙarfi, ka kunna matakin tsaro na biyu ta manhajar tantancewa, kada ka danna duk wani mahaɗi da aka turo maka da sunan za a ba ka shuɗiyar alama ko za a rufe shafinka.

Saboda haka duk wanda ya saya a wurinka sau ɗaya, ka mai da shi naka ba na X ba. Ka rubuta sunansa da garinsa da lambarsa da abin da ya saya, a littafi na takarda ban da wanda ke cikin waya. In tela ne kai, har da awonsa. Ka nemi izininsa kafin ka riƙa tura masa saƙo, kuma kada ka jefa shi cikin zauren WhatsApp bai sani ba, don mutane sun gaji da wannan. In azumi ya rage mako biyu, ka ɗauko littafin ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, ka gaishe shi, ka tuna masa abin da ya saya bara, ka faɗa masa ranar da za ka rufe karɓar aikin salla. Wanda ya amsa ka ba shi ranar da kayansa za su fito, ranar da ka san za ka iya cikawa. Wanda bai amsa ba ka ƙyale shi, kada ka sake turawa sai wata shekarar.